Kafin launi ya zama hukunci: gwajin harpis da jinin 'yan Afirka

Duk wanda ya taɓa ɓare goro ya ajiye ɓarinsa na ɗan lokaci ya san abin da ke biyo baya. Inda aka gatsa ko aka yanka yakan rine, fari ya koma jaja-jaja, daga nan ya yi ruwan ƙasa. Haka doya take yi idan an fere ta an bar ta a iska. Babu wanda ya zuba rini. A cikin goron akwai wani sinadari, irin wanda masana ke kira enzaim, mai ingiza abubuwan da ke jikin goron su haɗu da iska har launi ya fito. Shi kuwa enzaim ɗin ba ya ƙarewa a wajen aikin; yana gama da wannan ya kama wancan.

Wannan ɗabi'a ce masana kimiyya suka ara suka gina ɗaya daga cikin dabarun da suka fi amfani a ɗakunan gwaje-gwaje na duniya. Sun ɗaure enzaim a jikin antibodi, wato makamin da garkuwar jiki ke ƙerawa don ya kama ƙwayar cuta guda takamaimai. Antibodi ya san abin da yake nema kamar yadda makiyayi ke gane saniyarsa a tsakiyar kara ranar kasuwa, amma idon mutum ba ya ganinsa. Enzaim ɗin da aka rataya masa shi ne ke sanar da inda ya tsaya, ta hanyar fito da launi. Dabara ce mai sauƙin kuɗi, ta kuma dace da irin ɗakunan gwajin da ake da su a Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai. Sai dai tarihinta da ƙwayoyin cutar harpis ya nuna cewa launin na iya yin ƙarya, kuma ya fi yin ƙaryar a kan jinin 'yan Afirka idan ba a tantance kayan gwajin a nan gida ba.

Harpis dangi ne, kuma kusan babu gidan da wani daga cikin dangin bai shiga ba. Masu kama ɗan Adam guda takwas ne a lissafin da aka fi sani. Akwai HSV-1, mai fito da ƙuraje a leɓe bayan an sha zazzaɓi. Akwai HSV-2, mai fito da su a al'aura, wanda a wurinmu yakan ɓace a cikin babbar jakar nan da ake kira ciwon sanyi. Akwai mai kawo ƙarambau, wanda kan kwanta a jijiya shekara da shekaru, sannan ya farka da ƙuraje masu raɗaɗi da ke jeruwa a gefe ɗaya na jiki. Akwai CMV, wanda idan ya kama jariri tun yana ciki kan iya barinsa da kurumta. Akwai kuma EBV da HHV-8, masu hannu a wasu nau'o'in ciwon daji. Halinsu ɗaya ne: in sun shiga jiki ba sa fita, sai dai su yi likimo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 na ɗauke da HSV-1, wato kashi 64 cikin 100 na masu waɗannan shekaru. Masu HSV-2 kuwa, tsakanin shekara 15 zuwa 49, sun kai miliyan 520, kuma Afirka ce kan gaba. Mafi yawansu ba su san suna da shi ba, domin ba ya nuna musu wata alama. Hukumar ta ce mai HSV-2 ya ninka wanda ba shi da shi kusan sau uku wajen haɗarin kamuwa da ƙwayar HIV. Cutar da ke ɓuya irin wannan, dole ne a nemi hanyar ganinta.

Neman wannan hanya ya ɗauki shekaru talatin. A 1941 Albert Coons na Jami'ar Harvard ya ɗaura wa antibodi wani rini mai ƙyalli, aka fara ganin inda ƙwayar cuta ta maƙale a jikin tsoka. Amma ganin ƙyallin sai da madubin likita na musamman mai tsada, a ɗaki mai duhu, kuma ƙyallin kan dushe. A ƙarshen shekarun 1950 Rosalyn Yalow da Solomon Berson suka fito da hanyar awo da sinadarai masu fitar da tururin nukiliya, aikin da ya kai Yalow ga lambar Nobel a 1977. Hanyar tana da kaifi, amma tana buƙatar na'urori masu tsada da tsarin kare ma'aikata da wurin zubar da shara mai haɗari. A 1966 ne Paul Nakane da Barry Pierce a Jami'ar Mishigan ta Amurka, da Stratis Avrameas da José Uriel a Faransa, kowane ɓangare da nasa aikin, suka nuna cewa ana iya ɗaura enzaim a jikin antibodi ba tare da ɗayansu ya mutu ba. Enzaim ɗin da ya fi karɓuwa shi ne faroksides da ake tatsa daga saiwar wani tsiro na ƙasashen sanyi mai suna hosradish, saiwa mai yaji irin na saiwar zogale. A 1971 Eva Engvall da malaminta Peter Perlmann a Suwidin suka mayar da dabarar hanyar auna abin da ke cikin ruwan jini, suka sa mata suna ELISA. A wannan shekarar Bauke van Weemen da Anton Schuurs suka fito da makamanciyarta a Holan. Gwajin jini na farko da aka amince da shi don gano HIV a Amurka, a 1985, da wannan dabara aka yi shi.

Ya kamata mai karatu ya leƙa teburin ma'aikaciyar ɗakin gwaji ya ga yadda aikin yake. A gabanta akwai wani farantin roba wanda bai wuce tafin hannu da yawa ba, mai ƙananan ramuka 96, jeri takwas sau goma sha biyu, kamar gurbin dara da aka ƙanƙanta. A gindin kowane rami kamfani ya riga ya manna wani ɗan yanki na rigar ƙwayar cutar. Takan ɗebi ruwan jinin mutum da bututun awo, ta sirka shi, ta ɗiga a rami, ta rufe ta jira. Idan jikin mutumin ya taɓa haɗuwa da cutar, antibodinsa zai damƙe yankin nan da ke gindin ramin. Sai ta wanke, ta sake wankewa, ta kife farantin a kan takarda ta bubbuga, don duk abin da bai kama ba ya fita. Daga nan ta zuba antibodi na biyu, mai ɗauke da enzaim, wanda aikinsa shi ne ya kama duk antibodin ɗan Adam da ya tarar. Ta sake wankewa. Sannan ta ɗiga wani ruwa garai-garai da ake kira TMB.

A nan ake zuba ido. Cikin mintoci wasu ramukan kan fara yin shuɗi, wasu su zauna fari fat. Idan lokaci ya cika ta ɗiga ruwan asid, shuɗin ya juye ruwan ɗorawa nan take, aikin enzaim ya tsaya. Wata na'ura mai girman ƙaramin akwati ta haska kowane rami, ta fitar da lamba gwargwadon kaurin launin. A faranti ɗaya an duba jinin mutum kusan casa'in, ba a kashe fitila ba, ba a taɓa abu mai tururin nukiliya ba.

Ga masu bincike, amfanin dabarar ya wuce faranti. Idan aka shuka ƙwayar harpis a kan ƙwayoyin jiki da ake reno a kwalba, antibodi mai enzaim na nuna waɗanda suka kamu tun kafin su fara lalacewa, har a iya ƙirga su a san ko wani magani ya rage yaɗuwar cutar. Idan kuma likita ya yanko tsoka, ana yayyanka ta siriri a shimfiɗa a ɗan gilashi, a zuba antibodin, a bi shi da sinadarin DAB, sai duk inda cutar take ya yi ruwan ƙasa. Madubin likita na yau da kullum ya isa a gani, kuma launin ba ya dushewa; ana iya adana gilashin a aljihun tebur shekaru, a ɗauko a koya wa ɗalibai ko a aika wa wani masani ya ba da nasa ra'ayin.

Afirka ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A 1958 Denis Burkitt, likitan tiyata a Kampala ta Yuganda, ya bayyana wani ciwon daji da ke kumbura muƙamuƙin yara. Daga tsokar da ya riƙa aikawa Landan ne Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano EBV a 1964, ƙwayar bairos ta farko da aka danganta da ciwon daji a jikin ɗan Adam. A 1963 kuma, a Ibadan, Robert Pulvertaft ya yi nasarar renon ƙwayoyin jiki daga irin wannan ciwo na wani yaro ɗan Najeriya mai shekara 11. Zuriyar waɗannan ƙwayoyi, da ake kira Raji, har yau ana aiki da ita a ɗakunan bincike na duniya, har da wajen nazarin EBV.

Ciwon dajin Kaposi ma misali ne na kusa. Yuan Chang da Patrick Moore sun gano a 1994 cewa HHV-8 ne ke bayansa, kuma ciwo ne da ya yi yawa a tsakanin masu HIV a kudu da Sahara. A baƙar fata tabonsa kan yi kama da na wasu cututtuka da dama. Wani bincike da aka yi a Yuganda da Kenya, aka buga a 2016, ya gano cewa kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda ma'aikatan lafiya suka zaci suna da shi da ido, da aka duba tsokarsu sai aka ga wani abu ne daban. Abin da ke raba gardama idan lamarin ya rikice shi ne antibodi mai enzaim da ke neman wani furotin na ƙwayar mai suna LANA. Idan ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa suka bayyana a tsakiyar ƙwayoyin jikin, Kaposi ne. Idan babu, an ceci mutum daga shan maganin ciwon daji mai wahalarwa a kan cutar da ba shi da ita.

To, ina matsalar take?

HSV-1 da HSV-2 'yan uwan juna ne na jini, rigunansu sun yi kama ƙwarai, don haka tsofaffin gwaje-gwaje ba sa iya raba su. Daga baya aka gano wani furotin a rigarsu, gG, wanda na kowanne ya bambanta, aka gina sababbin kayan gwaji a kansa. A Amurka da Turai sakamakonsu ya yi kyau. Da aka kawo su Afirka don manyan binciken HIV, aka riƙa kwatanta su da gwajin tabbatarwa irin wanda Jami'ar Washington ke yi a Siyatil, sai aka ga giɓi. A 2011 wasu masana suka tattara binciken da aka yi da jinin mutanen kudu da Sahara. Kayan gwajin HerpeSelect, wanda ya fi yaɗuwa a lokacin, yana kama kashi 99 cikin 100 na masu cutar, amma a cikin waɗanda ba su da ita, kashi 69 kawai yake wankewa. Na kamfanin Kalon ya kama kashi 95, ya wanke kashi 91. Bahaushe ya ce kama da wane ba ta wane: wani antibodi da ke yawo a jinin mutum saboda wani dalili daban kan iya maƙalewa a gindin ramin, enzaim kuma ya fito da launinsa, domin shi bai san dalilin maƙalewar ba.

A ɗauki misali don a ga nauyin waɗannan lambobi. A ƙaddara an gwada mutum 1,000 a garin da 100 ne kawai ke da HSV-2. Gwajin da ke wanke kashi 69 zai kama 99 daga cikin masu cutar, sannan ya shafa wa 279 daga cikin 900 masu lafiya kashin kaji. Ke nan a cikin takardu 378 da aka rubuta wa fozitib, kusan uku cikin huɗu kuskure ne. Kuma duk inda cutar ta yi ƙaranci, kuskuren ya fi yawa a cikin sakamakon.

Masu bincike sun ga cewa yawancin kuskuren na taruwa ne a ramukan da launinsu bai yi kauri ba. Kamfanin da ke yin HerpeSelect ya sa iyaka a kan lamba 1.1, amma da aka ɗaga iyakar zuwa wajen 3.5 sai ƙaryar ta ragu. Ko a Amurka, hukumar CDC na ba da shawarar a tabbatar da sakamako mai ƙaramar lamba da gwaji na biyu kafin a gaya wa mutum yana da cutar. Ta kuma ce kada a yi amfani da gwajin antibodi nau'in IgM a kan HSV, domin ba ya raba nau'i na ɗaya da na biyu, ba ya kuma nuna ko kamuwar sabuwa ce. Kwamitin da ke ba gwamnatin ƙasar shawara kan rigakafi ya ce, a 2016 da kuma 2023, kada a riƙa yi wa mutanen da ba su da wata alama gwajin jini na harpis ɗin al'aura, saboda cutarwar sakamakon ƙarya ta rinjayi amfanin. A ƙarshen 2023 hukumar FDA ta Amurka ta sake jan kunnen likitoci da ɗakunan gwaji a kan haka.

Ga mai bincike, sakamakon ƙarya lamba ce da ta ɓata lissafi. A gidan Bahaushe kuwa yana iya zama sanadin mutuwar aure. Mace ta yi ɓari sau biyu, an tura ta jerin gwaje-gwaje, ta dawo da takarda mai ɗauke da HSV-2 da kalmar fozitib. Maigida ya karanta, ya shiga intanet a wayarsa, ya ga an ce ta hanyar saduwa ake ɗauka. Kafin a kai ga likita, maganar ta isa kunnen Hajiya da ƙannen miji, an fara kallon juna. Babu wanda ya tambayi lambar da na'ura ta fitar. Babu wanda ya san cewa ko da sakamakon gaskiya ne, antibodi ba ya faɗin ranar da cutar ta shiga jiki ko wanda ya kawo ta, kuma mutum na iya ɗauke da ita shekaru bai sani ba. Al'adar gwaji kafin aure na ƙara kafuwa. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin HIV da ciwon hanta nau'in B da C da rukunin jini na sikila. Mataki ne mai kyau, kuma yana ƙara wa takardar ɗakin gwaji kwarjini a idon jama'a. Duk lokacin da takarda ta samu irin wannan kwarjini, nauyin tabbatar da gaskiyarta ya ƙaru.

Akwai kuma kurakuran da ke tasowa daga tebur. Kayan gwajin na son sanyin firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma enzaim abu ne da zafi ke kashewa. Kwalin da ya kwana a motar haya a watan Afrilu, ko firjin da ya huce saboda an ɗauke wuta, na iya ba da farin rami ga mai cuta. Wankin da bai fita ba yakan bar launi a ramin mai lafiya. Jajayen ƙwayoyin jini da wasu sassan tsoka suna da nasu aikin faroksides, wanda sai an kashe shi tukuna, in ba haka ba gilashin ya rine ko'ina. Wanda kuma ya kamu kwanan nan, jikinsa na iya ɗaukar makonni, har zuwa 12, kafin antibodin ya bayyana. Saboda kurakuran tebur ne kowane faranti ke da ramukan shaida, na jinin da aka san yana da cutar da wanda aka san ba shi da ita. Idan shaidun suka kauce, farantin duka ya tashi aiki, komai tsadarsa.

Wani zai ce ai zamanin gwajin PCR ake ciki, musamman da annobar korona ta sa aka ƙara yawan na'urorinta a Najeriya. Yana da gaskiya ta wani ɓangare. Idan ƙurji na nan ɗanye, ko ana zargin harpis ya taɓa ƙwaƙwalwa, ciwon da kan kashe kusan bakwai cikin goma idan ba a ba da maganin asaikulobiya ba, PCR ce ta fi, domin ita ƙwayar cutar kanta take nema. Amma PCR ba ta iya faɗin mutum nawa ne a gari suka taɓa kamuwa, tunda ƙwayar na kwance a jijiya inda audugar ɗibar samfuri ba ta kai. Ba ta kuma nuna wace ƙwayar jiki ce cutar ta zauna a ciki, kamar yadda ɗigon ruwan ƙasa ke nunawa a gilashi. Likitocin dabbobi ma da farantin ELISA suke bin sawun harpis ɗin shanu mai kama hanci da maƙogwaro, har su raba saniyar da aka yi wa rigakafi da wadda ta kamu. Kowace hanya da gurbinta.

Abin da ya rage shi ne aikin gida, kuma bai fi ƙarfinmu ba. Asibitocin koyarwa na Malam Aminu Kano da na Shika da na Sakkwato da Maiduguri, da cibiyar NIMR a Yaba, da CERMES a Yamai, da Cibiyar Noguchi a Gana, suna da masanan da za su iya tara ruwan jinin mutanen yankinsu, da izinin masu shi, a tabbatar da matsayin kowane samfuri, a adana. Da irin wannan taska za a auna duk kayan gwajin harpis da ke shigowa, a san iyakar lambar da ta dace da jininmu. Asusun TETFund na ba da kuɗin bincike. Wannan na cikin ayyukan da suka cancanci a zuba musu. Hukumar NAFDAC da majalisar MLSCN mai kula da ɗakunan gwaji su nemi shaidar cewa an gwada kaya da jinin 'yan Afirka kafin a ba shi izini. Ɗalibin da zai rubuta kundi a kan yawan masu HSV-2 a wani gari, malaminsa ya tilasta masa faɗin sunan kayan da ya yi aiki da su, da iyakar da ya ɗauka, da yawan samfuran da ya sake tabbatarwa. Ɗakunan gwaji masu zaman kansu su daina sayar da gwajin IgM na HSV, su kuma riƙa rubuta lambar da na'ura ta fitar a jikin takarda.

Mai karatu kuma, idan wata rana aka miƙa masa ko aka miƙa wa iyalinsa takarda mai cewa an ga HSV-2, kada ya yanke hukunci a bakin ƙofar ɗakin gwaji. Ya kai ta wurin likita, ya tambayi irin gwajin da aka yi da lambar da ta fito, ya kuma nemi a tabbatar da gwaji na biyu kafin maganar ta fita daga tsakaninsa da matarsa.